Kuskuren gidan buga kuɗi ne, ko dai wahala ce kwandalar ta sha?

Ɗan Gangare: Salam jama'ar gida, ya sanyi. Dan Allah masana a duba min hotunan nan guda huɗu kafin in yi asarar kuɗina. Wani mai sayar da tsofaffin kaya ne a Katako ya nuna min, yace duk kuskuren gidan buga kuɗi ne, wai irinsu Turawa ke rububi. Na farko kwabo mai huji na 1959, gefe ɗaya a gutsure. Na biyu 25 kobo na 1973 mai gyaɗa, akwai wani rubutu a juye a samansa, sai ka sa madubi zaka iya karantawa. Na uku naira biyu ta 2006 amma ginin majalisa na tsakiya ya karkace, baya kallon inda rubutun zoben yake kallo. Na huɗu kwabon zamanin Turawa na 1936 mai sunan Sarki Edward na takwas, shi kuma babu huji sam. Dubu 60 yace duka, ya bani zuwa Juma'a.

Oga Naira: Kai ɗan'uwa saya kawai!! ni da idona na gani a TikTok kwabo ɗaya tal na Amurka an sayar dashi sama da dala miliyan ɗaya kuma shima kuskure ne, karka tsaya kallon ruwa kwaɗo yayi maka ƙafa

Maman Hanif: Oga Naira kai dai kullum TikTok. Wancan da kake faɗa senti ne na 1943. A shekarar Amurka na yaƙi, jan ƙarfe ya tafi wajen kayan soja, sai suka buga sentinsu da baƙin ƙarfe, amma wasu 'yan faifan tagulla na shekarar baya suka maƙale a inji aka buga su tare. Wanda aka buga a Denver guda ɗaya aka sani a duniya, shi aka sayar dala miliyan 1.7 a 2010. Abin da basu gaya maka a bidiyon ba shine na jabu sun fi ƙarfin ƙirga, mutane na ɗaukar na baƙin ƙarfen su shafa masa ruwan jan ƙarfe, wasu kuma su kankare 8 ɗin 1948 ya koma 3. Mayen ƙarfe na naira ɗari biyu ya isa ya tona asirin na farkon.

Injiniya Bukuru: Wa alaikumussalam. Ƙanina a ajiye maganar farashi tukuna, a fara da yadda ake yin kwandalar don duk rigimar anan take. Ana murje ƙarfe ya zama falle dogo daidai kaurin da ake so, inji ya huda shi ya fitar da faifai-faifai, a gasa su suyi laushi a wanke, wani inji ya matse gefensu ya ɗaga musu baki, sannan a tura kowanne tsakanin hatimi biyu na ƙarfe mai tauri, ɗaya sama ɗaya ƙasa, ga zobe kewaye dashi yana riƙe, a buga da ƙarfin tan masu yawa. Bugu ɗaya gaba da baya da gefe duk sun fito. Iyakar aikin kenan. To duk abin da ka gani a jikin kwandala ka tambayi kanka a wane mataki cikin waɗannan zai iya faruwa. In ka laluba ka rasa matakin, ba a gidan bugu ya faru ba, a hannun mutane ne, kuma kwabon 1959 ya haura shekara 60 yana yawo tsakanin aljihu da asusu da ƙasa da hannun yara.

Mu ɗauki mai sauƙin, naira biyun nan. Ita ƙarfe biyu ce, zobe da ciki, kuma ba daban-daban ake buga musu zane ba, ana saka cikin a zoben tukuna sannan hatimi ɗaya ya sauka a kansu lokaci guda, bugun ne ma yake kulle su. Zanen majalisa da rubutun zobe a jikin hatimi ɗaya suke. Ta yaya rabin hatimi zai juya ya bar rabi? Bazai yiwu ba. Wani ne ya fitar da cikin da guduma da ƙusa ya mayar dashi a karkace. Zumin hotonka ma, ga ɗan rata nan a mahaɗar ta ɓangaren hagu.

Ɗan Gangare: Kai Injiniya wlh na gani, har haske na wucewa ta wajen. Toh ɗaya ta faɗi.

Oga Naira: Amma fa inji ne, inji na iya yin komai in ya haukace, ni ina aiki da injin bulo na san halinsu

Injiniya Bukuru: Yana haukacewa Oga, amma haukarsa na da iyaka. Cikin naira biyu zai iya zama bai zauna daidai ba kafin bugu, wannan na faruwa a ƙasashe masu irin wannan kwandala, amma in hakan ta faru zaka ga ƙarfen cikin ya malala ya hau kan zoben kuma zanen na tsaye daidai da rubutu, don hatimin bai san ma an samu matsala ba, nashi dai ya buga. Abin da ya goce shine ƙarfen, ba zanen ba.

Mai Gwal Terminus: Salamu alaikum. Ni bari in taɓa na biyun don irin wannan aikin a gabana yara ke yinsa. Ka ɗauki sulalla biyu ka haɗa su fuska da fuska ka sa a bais na makanikai ka matse, ko ka ɗora a uwar maƙera ka sauke guduma, rubutun ɗaya zai shiga jikin ɗaya a juye, a lotse. Kowane gareji a Dilimi za'a iya yi maka cikin minti biyu. Ɗan Gangare juya shi ka ɗauko mana bayan.

Ɗan Gangare: Gashi nan Alhaji. Bayan ya ɗan baje, kan mikiyar ya shafe, akwai kuma wasu layuka-layuka a jere.

Mai Gwal Terminus: Haƙoran bais ne waɗannan layukan. An gama.

Maman Hanif: Amma a yi wa Oga Naira adalci, akwai na gaskiyar irin wannan kuma yana da kyau sosai in ka gani. Yadda yake faruwa, kwandalar da aka riga aka buga ce take maƙalewa a jikin hatimi ta ƙi faɗuwa, sai sabon faifai ya shigo, maimakon hatimi ya buge shi sai 'yar'uwarsa ta buge shi. Sai ya fito fuska ɗaya lafiya lau, tsaf, ɗaya fuskar kuma zanen nan dai ne amma a juye kuma a lotse. Abin lura biyu ne. Fuskar da take daidai babu abin da ya same ta, don tana kwance cikin hatimi lokacin bugun, babu bajewa babu ƙarzuwa. Sannan a fuskar da ta juye ba zaka ga asalin zanen wannan gefen a ƙarƙashi ba tunda hatiminsa bai taɓa ta ba. Naka kuwa ga gyaɗar nan ana gani a ƙasa, rubutun juyen ya hau kanta, ma'ana an gama buga shi lafiya ya fita duniya sannan aka yi masa aika-aika.

Baba Reluwe: Assalamu alaikum 'ya'yana. Jikata ce ke rubuta min. Ina jin ku ina dariya. Mu da muka yi aikin jirgin ƙasa mun ga kwabo iri-iri da yara ke jerawa a kan dogo, jirgi in ya wuce sai ka tsince shi ya yi faɗi ya yi tsawo, sunan sarauniya ya miƙe. Mun sha korarsu a tashar Jos da ta Bukuru. Yanzu ashe irin wannan ne ake ɗorawa a waya ana cewa kuskuren Ingila ne. Allah ya kyauta.

Injiniya Bukuru: Allah ya ƙara girma Baba. Shima akwai mai kama dashi na gaske, wanda zoben da ke riƙe faifan bai hau ba lokacin bugu, sai ƙarfen ya bazu ya fi girmansa na asali. Amma shi a zagaye yake bazuwa ko kusa da haka, zanen tsakiya na nan da kaifinsa, kuma in irin mai zara-zara ne a gefe kamar 10 kobo na da, zaka ga gefen sumul don zoben ne ke yin zara-zaran. Na kan dogo kuwa zanen ne ke fara mutuwa, ya koma dogo kamar ƙwai, jikinsa na sheƙi ta inda ƙafar jirgi ta bi.

Oga Naira: Toh naji, biyu sun tafi. Amma mai gutsuren nan ai ko makaho ya shafa yasan yanka akayi, shi ne ma ban saka a lissafi ba

Maman Hanif: Hhhh Oga kaga inda muka bambanta, ni shi kaɗai ne ma ya tsayar dani. Mata zasu fi gane wannan. In kina fitar da donot da bakin kofi a kan kwaɓin fulawa, in baki matsa gaba sosai ba sai kofin ya hau kan ramin da kika riga kika cire, sai wannan ya fito da gutsure mai lanƙwasa a gefe. Haka injin huda faifai yake yi in fallen ƙarfen bai matsa daidai ba. Shi yasa gutsuren gaskiya lanƙwasarsa daidai take da zagayen kwandalar kanta. Ɗan Gangare kana da wani kwabon 1959 lafiyayye? Saka gefensa cikin gutsuren ka gani ko zai zauna.

Ɗan Gangare: Anti ya zauna ɗas, babu rata.

Mai Gwal Terminus: Hajiya a yi hattara, wannan kaɗai bai isa ba, mai wayo zai iya yanka da bututun ƙarfe mai kaifi daidai girman, ko ya bi da magagari mai zagaye. Ni abin da nake dubawa cikin yankan ne. Magagari na barin layuka a jere masu bin hanya ɗaya, almakashin ƙarfe na lanƙwasa bakin ya tura shi gefe guda, kuma duk biyun suna barin ɗan ƙaiƙayi a baki wanda in ka shafa da yatsa zai kama ka. Launi ma na magana, in jikin kwabon ya yi duhu na shekaru amma cikin yankan na walƙiya ja, to yankan bai daɗe ba.

Maman Hanif: Gaskiyarka Alhaji, ban gama ba ai. Ga sauran. Ka tuna Injiniya yace ana ɗaga wa faifai baki kafin bugu, ana mirgina shi ne ta wani matsattsen lungu yana matsuwa ta gefe biyu. In gefe ɗaya a gutsure yake, lokacin da gutsuren ya zo wajen matsi babu abin da zai tokare, sai gefen da ke fuskantarsa, wato can ɗaya ɓangaren, shima bai samu matsi ba, bakinsa ya fito a kwance ko ya yi faɗi. Masu harkar na kiranta alamar Blakesley. Ba kowane na gaskiya ke da ita ba amma in ka ganta da wuya ƙwarai a ce jabu ne, don mai yankan baya tunanin zuwa ɗaya gefen. Sannan ka duba bakin kwabon inda ya doshi gutsuren, a na gaske a hankali yake sirancewa ya ɓace, haruffan da ke kusa ma suna yin rauni suna ɗan janyewa wajen gutsuren saboda ƙarfe ya gudu ta inda ya samu hanya. A na yanka kuwa baki da harafi suna nan da ƙarfinsu har zuwa inda aka datse su ƙat.

Ɗan Gangare: Hoton bazai nuna sosai ba, kyamarar wayata sai a hankali, amma da ido inaga bakin ɗaya gefen ya kwanta gsky.

Mai Gwal Terminus: Ka kawo su shago gobe bayan azahar, akwai gilashin duba gwal da sikeli mai auna har kashi ɗaya cikin ɗari na giram. Ka taho da lafiyayyun 'yan'uwansu in kana dasu, don awo ba tare da abin kwatance ba aikin banza ne.

Injiniya Bukuru: Maganar sikelin nan a riƙe ta da kyau jama'a. Bugu baya cinye ƙarfe, matsar dashi kawai yake yi. Kwandalar da aka buga a goce, wadda rabin zanen ya fita waje aka bar fili kamar jinjirin wata babu komai a gefe, nauyinta cif yake da na lafiyayya, kuma gaba da baya tare suke gocewa. Wadda maiƙon inji ya cike wani harafi a hatimi har bai fito ba, itama nauyinta daidai, wajen sumul babu ƙarzuwa. Amma wadda aka goge harafin da girinda ko sanfefa dole ta rage nauyi kuma wajen zai ɗan lotsa. Akwai kuma waɗanda ake jiƙawa a ruwan batir, zaka gansu sirara sharaf, sun ƙanƙance ta ko'ina, zanen na nan amma ya yi dishi-dishi jikin ya yi gurje-gurje, sai a ce maka wai an buga ne a faifan wata ƙasa. In da gaske faifan wata kwandalar ne, nauyin zai yi daidai da na wata kwandala takamaimai da wannan gidan bugun ke yi a lokacin, ba wani nauyi da babu mai shi ba.

Hassan Farin Gada: Ni sabo ne anan, tambaya nake. Ina da naira ɗaya ta 1991 mai Herbert Macaulay, jikinta duk ƙuraje ne sun kumbura, wannan fa? kuma akwai 50 kobo mai masara da wani layi ya ratsa ta

Injiniya Bukuru: Barka da zuwa Malam Hassan. Na 1991 baƙin ƙarfe ne aka lulluɓe da nikel, sa mayen ƙarfe zaka ga ya ɗauke ta. Irinsu in suka sha wuta ko tsatsa ta ci su ta ciki sai rufin ya kumbura. Mu nan Jos bayan gobarar babbar kasuwa ta 2002 an tsinci irinsu da yawa, baƙaƙe masu ƙuraje. Layin kuma, rufe ido ka bi da farce. In ya taso sama ne, siriri yana tafiya a karkace yana hawa kan haruffa ba tare da ya yanke su ba, to hatimin ne ya tsage ƙarfe ya shiga tsagar, wannan daga gidan bugu ne. In rami ne ya shiga ciki, ƙarzuwa ce. Sai dai ka kula, wuƙa in ta yanka tana tura ƙarfe gefe ya taso, to in ka ga tudu da rami kusa da juna suna tafiya tare, wuƙa ce.

Hassan Farin Gada: Ya taso ne Injiniya, babu rami. Nawa zata yi kenan??

Maman Hanif: Malam Hassan kar ka fara gina gida a kai. Tsagewar hatimi abu ne na yau da kullum, hatimi ɗaya na buga dubban ɗaruruwa kafin a canza shi, kuma daga ranar da ya tsage duk wadda ya buga da layin zata fito. Ka ajiye ta abin sha'awa ce, amma kasancewar abu kuskuren gaske daban, tsadarsa daban. Ko a Ingila, 20 pence ɗin nan na 2008 da ya fito babu shekara saboda an haɗa tsohon hatimin gaba da sabon na baya, gidan bugunsu da kansa ya ce ƙasa da dubu 250 ne suka fita, kuma gomomin fam ake sayensa ba miliyoyi ba.

Oga Naira: Ku dai kun iya kashe wa mutum gwiwa wlh. Toh mai rubutu biyu-biyu fa, ina da 10 kobo da 1973 ɗin ya fito kamar da inuwa

Maman Hanif: Shima kashi biyu ne Oga. Akwai wanda tun wajen ƙera hatimin aka danna zanen sau biyu bai hau daidai ba, to wannan ninkin a jikin hatimi yake, kowane harafi ya fito biyu kuma duka biyun a cike suke masu tudu, ƙarshen haruffan a rabe. Shahararrensa sentin Amurka na 1955, daga nesa ma kana ganinsa. Ɗayan kuma hatimi ne ya ɗan yi rawa lokacin ɗagowa ya shafci gefen harafin, sai ka ga inuwa a kwance shafal kamar matakala, harafin ma ya rage kauri maimakon ya ƙaru. Wannan na biyun shi ne ya cika gari kuma masu tarawa basa ƙara ko sisi a kansa. Tunda da bakinka kace inuwa, na san wanne ne.

Baba Reluwe: Ni tambayata ga Hajiya. Duk abin da kuka kira lalatacce yanzu zubarwa za'a yi? Ina da liyari na mahaifiyata, azurfa, mai hoton matar nan ta Turawa, an yi masa kunne an rataya, ta sa shi a wuya har ta rasu. Ina da sule da aka huda aka ɗinka a hular yaro. A wajenku waɗannan ba komai ba ne kenan.

Maman Hanif: A'a Baba, Allah ya huci zuciyarka, ba haka nake nufi ba. Liyarin nan na Maria Theresa ne, wadda ta mulki ƙasar Austria, duk 1780 ke jikinsu don bayan rasuwarta an ci gaba da buga shi da wannan shekarar, ya ratso Sahara ya zama kuɗi da kayan ado a ƙasar Hausa. Kunnen da aka yi masa tarihi ne, ni da za'a bani zaɓi ma na fi son mai kunnen da na san wuyan da ya rataya. Abin da muke ƙi shine a ɗauko wanda maƙeri ya taɓa a sayar wa yaro da sunan gidan bugu ne ya yi. Kamfanonin da ke tantancewa a waje irin su PCGS da NGC ma in kwandala ta huje ko an goge ta suna tabbatar da cewa ta gaske ce, amma basa bata lambar daraja, sai su rubuta abin da ya same ta.

Mai Gwal Terminus: Baba in kaga yawan sulallan azurfa da aka narkar a garin nan aka yi zobe da warwaro sai ka yi hawaye. Na farkon nan daga 1913 azurfa ne, daga 1920 aka koma na tagulla. Har yau in an kawo mana tsoho zaka ga an ɗan ƙarce gefensa, ba komai bane gwaji ne, wani ya so ya ga cikinsa.

Baba Reluwe: To madalla. Mu da anini da ɗari da kwabo duk a zare muke shirya su ko a bakin zani, shi yasa hujin ya yi mana amfani. Wanda babu huji kam ban taɓa riƙewa ba.

Injiniya Bukuru: Yauwa Baba ka kawo mu kan na huɗun. Da farko sunan Edward na takwas kada ya ruɗi kowa. Gaskiya ne bai cika shekara a sarauta ba, ya sauka a Disambar 1936, kuma a Ingila kuɗinsa bai shiga hannun jama'a ba, amma nan Afirka ta Yamma an buga kwabo da ɗari da anini da sunansa masu ɗimbin yawa tunda su babu hoto sai suna da kambi, har yau ba wuyar samu suke ba. Abin dubawa a jikinsa ƙaramin harafi ne, H na nufin gidan Heaton a Birmingham, KN na nufin King's Norton. Kuma da yake gidajen nan na buga wa ƙasashe da yawa, a 1936 ɗin an samu wanda aka haɗa hatimin kwabonmu da na senti 10 na Afirka ta Gabas, masu tarawa na ce masa alfadari, wannan kam ana nemansa. Rashin huji shima yana faruwa da gaske, faifai ya tsallake injin huji, ko hujin ya faɗa gefe. Sai dai toshe huji ma ba wuya bane.

Mai Gwal Terminus: Ko kaɗan. A yanko ɗan ƙarfe a cusa, a bi da dalma, a goge a shafa masa datti. Kuma anan sikeli bazai taimaka sosai ba don na gasken ya fi mai huji nauyi, na toshen ma haka. Gilashi ne zai raba gardama, da kunne.

Admin: Tunatarwa jama'a tunda naga wasu na cewa a inbox zasu gwada matse sulalla a bais su gani. Sashe na 21 na dokar Babban Banki ta 2007 ya hana lalata kuɗin da bankin ya fitar, takarda ko kwandala, hukuncin ɗaurin da bai gaza wata 6 ba ko tarar da bata gaza naira dubu 50 ba ko duka biyun. Ko da ba'a karɓar kwandala a kasuwa yanzu, banda gwaji da 50 kobo da naira ɗaya da naira biyu. Kuma duk wanda aka kama yana tallar na haɗi a gidan nan waje zai yi.

Hassan Farin Gada: Toh in wanke tawa da lemon tsami da toka ta fito sosai kafin in ɗauki hoto?

Maman Hanif: Kar ka soma!! Ba lemon tsami ba toka ba Brasso ba soson ƙarfe. Duhun nan da kake gani shi ne shaidar shekarunta, kuma duk alamun da muke ta lissafawa tun ɗazu a fatar ƙarfen suke, ka goge ka goge hujjarka. Riƙe ta ta gefe, sa ta a 'yar takarda busasshiya, banda leda mai laushin nan don tana sa tagulla yin kore. Hoto kuma kusa da taga da safe, ba da fitilar waya ba.

Ɗan Gangare: Jama'a barka da yamma, yanzu na baro shagon Alhaji. Mai rashin hujin toshe ne, a gilashi zoben mahaɗar ya fito raɗau, launin tsakiyar ma ya fi sauran jikin haske, da Alhaji ya ɗora shi a yatsa ya ƙwanƙwasa sai yace ƙwas, mai hujin nawa kuwa ya yi ƙara mai tsawo. 25 kobo nauyinsa daidai da ɗan'uwansa amma ya fi shi faɗi ta gefe ɗaya, bais ne kamar yadda aka faɗa. Mai gutsuren kuma ba layin magagari ko ɗaya, launin cikin gutsuren iri ɗaya da jikin, bakin na sirancewa ta duka ɓangarorin, can ɗaya gefen kuma a kwance yake. Alhaji yace shi dai bai ga hannun mutum a jiki ba.

Mai Gwal Terminus: Haka ne. Na juya shi ta ko'ina.

Oga Naira: Ikon Allah, wato wanda na raina. Toh yanzu miliyan nawa

Maman Hanif: Oga ka bar mu da miliyan ɗin nan dan Allah. Ƙaramin gutsure ne a kwabon da aka buga da yawan gaske, kuma ya sha hannu. Kuɗin cefane ne ba kuɗin fili ba. Ɗan Gangare in zai raba maka ka ɗauki wannan kaɗai, ka duba abin da aka riga aka saya irinsa a eBay, wanda aka SAYA fa, ba wanda mutum ya rubuta farashin da ya ga dama ya zauna jira ba.

Ɗan Gangare: Na kira shi Anti, yace baya rabawa, wai ko duka ko babu, har yana cewa mai gutsuren ai gyara ne ya ɗora min akan sauran ukun.

Injiniya Bukuru: Toh kar ka nuna masa shi kake so. Mayar masa da kayansa gobe, ka bari a kwana biyu, in ka koma ka tambayi na cikin gwangwanin da yake sayarwa ɗai-ɗai, inaga can zai jefa shi.

Oga Naira: Alhaji Mai Gwal ni ma gobe zan shigo, akwai wani sule nawa mai kan sarauniya gaba da baya

Mai Gwal Terminus: Kafin ka ɓata kuɗin keke duba cikin bakinsa ta gefe ɗaya da kyau, zaka ga siririn layi ya zagaye inda aka rarake ɗaya aka dasa ɗaya a ciki. In baka gani ba kawo, amma bayan la'asar, da safe ina Bukuru.